Wanda yaƙin basasa ya kora daga gida, alhakinsa na wuyan wa?

Wa doka ta ɗora wa nauyin kula da shi?

Ya danganta da inda gudun ya kai shi. In ya tsallaka iyaka, yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana ƙasar da ya shiga mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Ƙasashen Afirka sun faɗaɗa wannan kariya a 1969, ta haɗa da wanda rikici ya kora ko da ba shi aka nufa ba. In kuwa bai bar ƙasarsa ba, yana hannun gwamnatinsa, kuma nan gizo ke saƙar, domin a yaƙin basasa gwamnati kan kasance ɗaya daga cikin masu faɗan. Wannan giɓin ne yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla kan masu gudun hijirar cikin gida, ta zo cikewa. Ta fara aiki a 2012, amma sa hannu daban, cika alkawari daban.

Me zai sa gwamnati ta hana agaji isa ga mutanenta?

Tsoron kada abincin ya ƙara wa abokan gaba ƙarfi, ko a fake da motocin agaji a shigo da makamai. A Sudan, inda yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, gwamnati ta rufe mashigar Adre da ke iyakar Chadi bisa irin wannan zargi. Ba a buɗe ta ba sai Agustan 2024, watan da aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da El Fasher. Zargin na iya zama gaskiya, amma yaron da ke sansani ba shi ya ɗauko bindiga ba.

A Siriya, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a 2014 a shigar da agaji ta iyakoki ba tare da jiran izinin Damaskus ba. Mashigai huɗu aka fara da su, aka yi ta rage su har saura Bab al-Hawa, sannan Rasha ta hau kujerar na-ƙi kan sabunta wannan izini a Yulin 2023.

Maƙwabta fa, sansani ya fi ko a bar mutane su shiga gari?

Sansani ya fi sauƙin ƙidaya da rabon abinci, shi ya sa gwamnatoci ke son sa. Illarsa ita ce zaman wucin gadi kan zama na dindindin. Sansanin Dadaab a Kenya ya samo asali ne daga rushewar gwamnatin Somaliya a 1991, kuma akwai waɗanda aka haifa a can har su ma suka haifi nasu. Da Kenya ta ce za ta rufe shi a 2016, kotu ce ta taka mata burki a shekarar da ta biyo.

Yuganda ta bi wata hanya. Dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, ana kuma yanka masa ɗan fili ya noma, kamar yadda aka yi wa mutanen Sudan ta Kudu a Bidi Bidi. A ganina wannan ya fi mutunci, sai dai da zarar tallafin waje ya ja baya, rabon abinci ake fara ragewa.

Ƙasashe masu arziki me suke yi?

Galibi kuɗi suke bayarwa don mutanen su tsaya can nesa. A Maris 2016 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, wadda ta karɓi 'yan Siriya sama da miliyan 3, a kan tallafin yuro biliyan 6 da kuma tare masu tsallaka teku zuwa Girka.

In yaƙi ya lafa, shi ke nan sai kowa ya koma gida?

Ina! Mutum kan tarar wani ya mamaye gonarsa, takardu kuma sun ƙone. A Kolombiya sai da kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2004 cewa halin da masu gudun hijirar cikin gida suke ciki ya saɓa wa tsarin mulki. A 2011 aka kafa dokar biyan diyya da mayar da filaye, kuma har yanzu ana ta shari'o'in.