Wai mene ne "firam ɗin tsomi" da masu yin kyandir ke faɗa?

Tun ranar kasuwar Ringim da na fito da kyandirori na kakin zuma mutane ke tambayata, wai da wane inji na yi. Babu inji wallahi, firam ne na katako da kafintan unguwarmu ya haɗa min da guntayen da suka rage masa.

Kyandir ɗin shago yawanci na farafin ne, wanda ake samu daga ɗanyen mai, zuba shi ake a mazubi ya daskare. Na tsomi kuwa lagwanin auduga ake tsomawa cikin narkakken kaki a ciro, ya sha iska, a sake tsomawa, haka dai sau 20 zuwa 30 har ya kai kaurin babban yatsa. Da yake kakin gangarowa yake kafin ya daskare, sai gindin ya fi kauri saman ya tsuke.

To firam shi ne abin da ke riƙe lagwanin a miƙe. Sanda ɗaya sama ɗaya ƙasa, biyu a gefe, kamar ƙaramar taga, da mariƙi a samansa, sai a jera ƙusoshi sama da ƙasa a zagaya lagwani a kansu a ja shi ya yi tauri kamar tsirkiya. Tazarar tsakanin ƙusoshin nan ita ce komai, ka bar kamar yatsu uku, don ni farkon da na yi na matse su saboda son in samu da yawa, tun kafin tsomi na 15 suka manne da juna, aikin yini guda ya koma tukunya. Kuma ka fara auna zurfi da faɗin gwangwanin da za ka narkar da kakin kafin kafinta ya sa zarto, in firam bai shiga ba me ka yi kenan.

Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, don Allah kar ka ɗora gwangwanin kai tsaye kan murhu, kaki na kama wuta. Sa shi cikin tukunyar ruwan zafi. In ya cika zafi sai ya cinye wanda ka riga ka ɗora, in ya fara hucewa kuma jikin kyandir ya yi gudaji. Da sun yi rabin kauri ka yanke lagwanin daga ƙusoshin ƙasa, nauyinsu ya isa ya riƙe su.

Abin da ke min ciwo, masu amya a ƙauyukanmu da yawa in sun matse zuma sai su watsar da saƙar a bayan gida. Wannan saƙar in aka dafa ta da ruwa aka tace da tsumma, kakin zai taso sama ya daskare, da shi na yi na Ringim ɗin nan, kuma in ka kunna ɗaki har ƙamshin zuma yake.