Ranakun cin kifi a Ingila ba na coci kaɗai ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa ƙaurace wa nama ran Juma'a a Ingila al'adar Katolika ce zalla, wadda ta mutu da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534. Ba haka aka yi ba, ranakun ma ƙaruwa suka yi.

A 1548, zamanin Edward na Shida, doka ta wajabta barin nama ran Juma'a da Asabar da kuma lokacin azumin Kiristoci. A 1563, ƙarƙashin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, sakatarenta William Cecil ya sa majalisa ta ƙara Laraba. Wanda ya karya dokar, tarar fam 3 ce ko wata uku a gidan yari, kodayake mai hali yana iya sayen takardar izinin cin namansa, abin da bai ba kowa mamaki ba.

Dalilin kuwa jiragen ruwan yaƙi ne. Daga cikin masunta ake ɗebo matuƙa idan yaƙi ya taso, irin waɗanda ke kamun kifi a gaɓar Yarmouth ko suke tafiya har tekun Aisland. Idan mutane suka daina sayen kifi, sana'ar ta durƙushe, gwanayen teku su ƙare. Dokar 1563 ma ta fito fili ta ce duk wanda ya yi wa'azin cewa cin kifi na ceton rai a lahira, a hukunta shi a matsayin mai yaɗa labarin ƙarya.

Laraba dai ba ta karɓu ba, aka soke ta wajen 1585.