Wa ya ce ku rage masa maganin?

Iyayenmu na Makka da Jidda, yau da ɓacin rai nake rubutu. An sha kawo mana yaron da aka yi wa dashen zuciya yana haki, ƙafafu a kumbure, ya daina cin abinci. In na matsa da tambaya sai uwar ta sunkuyar da kai: "Malama, ai mun ga ya warware, shi ne muka rage maganin."

Wa ya ba ku wannan izini?

Yaron da aka yi wa dashen zuciya, jikinsa kallon baƙuwa yake mata har ƙarshen rayuwa. Magungunan nan, tacrolimus da mycophenolate, su ke hana garkuwar jiki far mata. Duk ƙwayar da aka tsallake, dama aka ba jiki ya ƙi zuciyar. Abin da ya fi tayar mini da hankali, dasasshiyar zuciya ba ta cika sanar da ciwo ba. Hanyoyin jininta na iya tsukewa sannu a hankali, yaro na wasansa, bai taɓa cewa ƙirjina ba.

A 2024 asibitin Sarki Faisal da ke Riyad ya dasa wa ɗan shekara 16 zuciya ta hanyar amfani da na'urar mutum-mutumi. Likitoci sun kai nan, wani gida kuma ya yi haƙurin rashin ɗansa ya ba da zuciyarsa, sai mu ne za mu kasa ba da magani safe da dare? Haba jama'a.

Na san kun gaji, wallahi na sani. Zirga-zirgar asibiti ba wasa ba ce. Amma ku iyayen samari da 'yan mata, ku ne na fi jin tsoro. Yaro ya fara girma, sai a sakar masa kwalba, ya ce "na sha" a yarda. Hajiya, tsaya a kansa har ya haɗiye.

Zamzam alheri ne, a kora ƙwayar da shi. Bai maye gurbinta ba.

A taƙaice:
- Tacrolimus duk awa 12, yadda likita ya tsara.
- Ranar gwajin jini, sai an ɗiba kafin a sha na safe.
- Ban da lemon garehul, ban da jiƙe-jiƙe sai da sanin likita.
- Azumi da tafiya ganin gida, a tambaya tukuna, a tafi da isasshen magani.

Zazzaɓi, amai, kasala, kumburi ko haki, a nemi likitansa a ranar. In numfashi ya yi wuya, a kira motar ɗaukar marasa lafiya a 997.