Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne

Da damina ta kankama a Damagaram, sauro ya yi yawa, sai tsohuwar maganar nan ta dawo: wai mai bi na gaskiya ba ya zuwa likita, addu'a kaɗai ta ishe shi. Masu faɗar haka ba da mugun nufi suke yi ba, so suke su riƙe Allah hannu bibbiyu. Amma Littafi Mai Tsarki bai ce haka ba.

Da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, ya yi addu'a har da hawaye, Allah kuma ya ji shi. Duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Luka ma, marubucin Bishara, likita ne, kamar yadda Kolosiyawa 4:14 ta nuna.

Ayar da masu hana zuwa likita suka fi kafa hujja da ita, 2 Tarihi 16:12 ce, labarin Sarki Asa mai ciwon ƙafa. A karanta a natse. Laifinsa, masu magani kaɗai ya nema, bai nemi Ubangiji ba. A ganina, uwar da ta goya yaro jiki rau cikin dare, ta hau kabu-kabu zuwa likita tana addu'a a hanya, ba ta kauce wa komai ba.

In aka ce maka "a rubuce yake", tambayi littafi da sura da aya, ka karanta surar dukanta, ba layi ɗaya ba. Don Allah a tura wa ƴan'uwa wannan bayani.