Waiwaye: Gidan Ɗan Hausa da Bakon da Ya Zauna a Cikinsa

Duk wanda aka zagaya da shi Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa a Kano, abin da ɗan jagora zai fara nuna masa shi ne ginin. Ga katanga mai kauri ta tubali, ga zankwaye a bisa soro, ga rufin azara, ga ɗaurin guga da ke riƙe da ɗakin ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ko da rana ta take a waje, ciki da sanyi. Nan ɗalibai ke tsayawa ɗaukar hoto. Labarin mai gidan kuwa sau da yawa a taƙaice ake ba da shi: wani Bature ne da ya iya Hausa har Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Gaskiya ne, amma da sauran rina a kaba.

Sunansa Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, daga baya ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Da rigar mishan ya fara shigowa ƙasar nan, sannan ya tuɓe ta ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya keto Sahara tare da ayari daga Tarabulus har Barno. Kano kuwa tun a watan Fabrairun 1903 ta faɗa hannun Turawa, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, aka naɗa Abbas a gurbinsa.

Turawa sun ci ƙasa, amma ba su da ma'aikata. Akawunsu 'yan Kudu ne da mutanen Saliyo da Gwalkwas (Ghana ta yau), sarakuna kuma an yi musu alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka makarantar mishan ba ta da wurin zama a masarautu. Wannan ƙulli aka miƙa wa Vischer. Ya leƙa Masar da Sudan ya ga yadda ake yi, a 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa. Malamai aka fara ɗauka, waɗanda sun riga sun yi karatun allo da na littattafai, sai 'ya'yan sarakuna daga larduna, sai sashen koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa, tufafin gida ake sawa, ba wa'azin Kirista. Gidan da ya zauna ma haka: ba kwano, ba bulo, ginin ƙasa irin na masu sarauta. A ganina ba sha'awa kaɗai ba ce. Dabara ce ta kada baƙon abu ya yi kama da baƙo.

Abu guda ne bai yi kama da na gida ba, wato haruffa. Kafin zuwan Turawa, Hausa da ajami ake rubuta ta, waƙoƙin wa'azi na zamanin jihadi duk da shi suka iso gare mu. A cikin Turawan ma akwai masu son a bar shi, irin su Burdon, Razdan na Sakkwato. Gwamna Lugga ya zaɓi haruffan Rumawa, tunda su jami'ansa suka sani, su ne kuma ke cikin keken rubutu. Vischer ya ɗora makarantarsa a kan haka, a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sai a shekarun 1930 suka zo, aka kuma ga amfaninsu a Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939.

Abin da ya biyo baya mun san shi. Malamin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, ya wayi gari a lissafin gwamnati yana cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Rigimar ba ta mutu ba: a 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, an yi ta cacar baki a kai. Ni ma da nake wannan ƙorafi, ai da haruffan Ɗan Hausa nake rubuta shi.

Vischer kansa bai daɗe a gidan ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ja shi Turai, daga baya ya zama sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilimi a Landan, ya rasu a 1945. Hankalin gwamnati ya koma Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an jera kayan tarihi da na sana'o'in gargajiya a ɗakunansa, takardun bayanin da ke manne jikinsu kuma da boko aka rubuta su.