Kainuwa

Kainuwa ƙaramin tsiro ne da ke yawo a saman ruwa ba tare da saiwarsa ta kama ƙasa ba, shi ya sa Hausawa ke mata kirari da "dashen Allah". Masana tsirrai na kiranta Pistia stratiotes tun 1753, kuma dangin gwaza ce. A Bauchi da Gombe ana ganinta a kududdufai da tafkunan fadama, da lungunan madatsun ruwa inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi.

Ganyenta na fitowa a zagaye kamar latas, tsawonsa kan kai santimita 15. Cikinsa cike yake da iska, bayansa kuma da lallausan gashi mai hana shi jiƙa. Waɗannan biyun ne ke hana ta nitsewa. Tana yin iri, amma ta fi yaɗuwa ta hanyar miƙa reshe gefe, 'ya ta fito a bakinsa, ita ma ta miƙa nata.

Saiwar da ke reto a cikin ruwa ita ce tushen amfaninta. Tana zuƙe naitirojin da fosfaros, wato sinadaran taki, da ruwan sama ke wankowa daga gonaki da kwatami, ta tare laka, ruwa ya washe. 'Ya'yan kifi na ɓuya a cikinta. Sai dai a nan ne kuma tsutsar wani irin sauro mai suna Mansonia ke maƙalewa tana shaƙar iska, ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya su ma su samu mafaka.

Ɓarna na farawa ne idan ta rufe ruwa ruf. Rana ba ta ratsawa, ciyayin ƙasa su mutu su ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da ke cikin ruwan. Alamar farko ita ce a ga kifi sun taso da asuba suna buɗe baki.

Mai tafkin kifi kada ya bari ta mamaye fuskar ruwa. A kwashe ta da manjagara ko raga, a shanya nesa da gaɓa, domin ɗan guntun da ya koma zai sake cika wurin. Feshin magani kuskure ne, don gawar tana ruɓewa a ciki. Busasshiya kan yi takin gargajiya, amma ɗanya na da ƙaiƙayi irin na gwaza, kuma wadda aka kwaso daga ruwan kwatami ba ta dace da dabbobi ba, saboda tana tara ƙarafa masu guba.