Kisan ɗauki ɗai-ɗai da sojoji ke yi a asirce: ƙa'idojinsa da masu sa ido a kansa

Kisan ɗauki ɗai-ɗai shi ne gwamnati ta ware wani mutum da ba ya hannunta, ta sa sojoji ko jami'an leƙen asiri su hallaka shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Akan yi shi da jirgi maras matuƙi, ko makami mai linzami, ko zaratan dakaru da ke dira cikin dare, kamar yadda aka yi wa Osama bin Laden a Abbottabad ta Pakistan a watan Mayun 2011. Babbar matsalarsa ita ce hannu ɗaya ne ke tuhuma, ya yanke hukunci, ya zartar, sannan ya riƙe hujjojin a matsayin sirri.

Tarihi

A 1975 kwamitin Sanata Frank Church na majalisar dattawan Amurka ya bankaɗo makircin hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, na kashe Fidel Castro na Cuba da Patrice Lumumba na Kongo. Shekara guda bayan haka Shugaba Gerald Ford ya haramta kisan siyasa, Ronald Reagan kuma ya jaddada haramcin a 1981. Harin 11 ga Satumba 2001 ne ya sauya lissafi: majalisa ta bai wa shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja, lauyoyin gwamnati suka ce kashe abokin gaba a yaƙi daban, kisan siyasa daban. A Nuwamban 2002 jirgi maras matuƙi ya kashe wani jigon Alƙa'ida a Yaman. Daga nan abin ya zama ruwan dare a Pakistan da Somaliya. A 2011 Amurka ta kashe Anwar al-Awlaki, malamin da ke da alaƙa da Alƙa'ida, wanda ɗan Amurka ne, a Yaman, makonni biyu bayansa wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16.

Abin da doka ta ce

A fagen yaƙi, yarjejeniyoyin Geneva na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun wajabta bambance mayaƙi da farar hula, da tabbatar da abin da za a kai wa hari, da janyewa idan ɓarnar da za a yi wa farar hula za ta rinjayi ribar sojan. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa ta hana taɓa mata da yara da tsofaffi. Inda ba a yaƙi kuwa, dokar kare haƙƙin ɗan Adam ce ke aiki, ita kuma ba ta yarda da kisa ba sai an rasa wata hanyar ceton rai. Shi ya sa gwamnatoci ke son faɗaɗa ma'anar yaƙi. Agnes Callamard, wadda a lokacin take mai bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce kisan da Amurka ta yi wa Janar Qasem Soleimani na Iran a Bagadaza ranar 3 ga Janairu 2020 ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, don Amurka ba ta nuna hujjar cewa wani hari na dab da aukuwa ba.

Akwai nau'in da ya fi haɗari: harin da ake kaiwa ba a san sunan kowa ba, sai dai an hango taro ko zirga-zirga da suka yi kama da na 'yan bindiga. Daga sama, ayarin masu zuwa biki a kan babura bai da bambanci da ayarin mahara.

Sa ido

A Amurka dole shugaban ƙasa ya sa hannu a rubuce kafin aikin asiri, a kuma sanar da kwamitocin leƙen asiri na majalisa, wani lokaci 'yan majalisa takwas kacal. A 2013 Barack Obama ya gindaya sharaɗin samun kusan cikakken tabbaci cewa farar hula ba za su mutu ba, a 2016 ya umarci a riƙa bayyana adadin waɗanda aka kashe daga cikinsu, Donald Trump ya soke wannan ɓangaren a 2019. Ƙa'idar da shugaba ya kafa da alƙalaminsa, magajinsa na iya share ta da nasa. Galibi 'yan jarida ne ke tono gaskiya: harin da Amurka ta kai a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021 ya kashe farar hula 10, bakwai daga ciki yara, kuma sai bayan binciken jaridu ma'aikatar tsaron Amurka ta amsa kuskure.

A Najeriya

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa, sashe na 88 da 89 kuma sun bai wa Majalisar Tarayya ikon bincike da gayyatar kowane jami'i. Tun da aka ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022, sanarwar kashe wani ƙasurgumin ɗan bindiga a harin sama ta zama labarin yau da kullum, kuma da wuya a sami wanda zai tantance ta in ba sojojin ba. Mutanen ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da suka ɗanɗana kuɗar masu garkuwa ba sa adawa da a fatattake su. Tambayarsu ita ce wa ke duba bayanan kafin a saki bam.

Jihar Kaduna ta ga amsar da idonta. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi. Waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya faɗo ne a kan masu kwashe gawarwaki. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce mamatan sun haura 120. Kafin wannan, a Janairun 2017, jirgin yaƙi ya yi irin haka a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Taoreed Lagbaja, ya je Tudun Biri ya ba da haƙuri, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin bincike. Sojojin ne suka binciki kansu, kuma a Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta sanar cewa jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja, ba tare da ta wallafa cikakken rahoton ba.